Ƙodar da ta jigata ba ta mutu ba

A Amurka mutum kusan 90,000 ne ke cikin jerin masu jiran dashen ƙoda. A shekarar 2023 an yi dashe sama da 27,000 a ƙasar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin. Amma a cikin wannan shekarar dai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙodojin da aka ciro daga jikin mamata da niyyar dasawa ba su shiga jikin kowa ba. Ƙoda sama da 8,000 ke nan. An nemi izinin iyalai suna cikin kuka, an shiga da gawa ɗakin tiyata, an ciro, an sa a ƙanƙara, an yi ta kiran asibitoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba ya so. Daga ƙarshe wasu aka kai su ɗakin bincike, sauran aka haɗa su da sharar asibiti.

Ba duka ne za su dasu ba, wannan gaskiya ne. Akwai wadda ake dubawa a tarar da ciwon daji a jikinta, akwai wadda jijiyarta ta lalace wajen cirowa, akwai ta dattijon da suga da hawan jini suka riga suka cinye tun yana raye. Ba waɗannan nake nufi ba. Maganata a kan rukuni guda take: ƙodar mutumin da yake lafiyarsa lau har zuwa kwanakinsa na ƙarshe, sai ƙodar ta jigata a gadon asibiti kafin ya cika. Ra'ayina shi ne yawancin irin waɗannan bai kamata a zubar da su ba, kuma duk asibitin da ya ƙi karɓarsu da sunan kare majinyaci, ya kamata ya dubi idon majinyacin ya faɗa masa abin da aka ƙi a madadinsa.

Sai an san yadda mai ba da ƙoda yake rasuwa kafin a gane maganar. Ba wanda ya cika a gida cikin barci ake ciro wa ƙoda ba. Mutum ne da aka kawo asibiti bayan hatsarin mota, ko harbin bindiga, ko jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ko ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa. Aka ɗora shi a kan na'urar numfashi, ya kwana biyu ko uku ko mako guda, har likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu, ko kuma iyali suka yarda a cire na'ura. A cikin waɗannan kwanaki jikinsa ya sha azaba. Jini ya zuba, ƙarfin bugunsa ya faɗi, an ɗura masa magunguna masu ƙarfi. Wanda ya faɗi ya daɗe kwance a wuri ɗaya kafin a tsince shi, tsokarsa kan narke ta sako wani sinadari da ke toshe ƙananan bututun ƙoda. Ita kuwa ƙoda gaɓa ce mai shan jini: kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da zuciya ke bugowa ta cikinta yake bi. Da jini ya ragu, tana cikin masu fara kokawa. Fitsari ya ragu ko ya tsaya, sinadarin kiriyatinin, wanda da shi ake auna aikin ƙoda, ya hau. Likitoci sun kasa wannan rauni na farat ɗaya mataki uku: na farko idan kiriyatinin ya ƙaru da rabin abin da yake a da, na biyu idan ya ninka, na uku idan ya ninka sau uku ko kuma sai da aka yi wa mutum wankin ƙoda.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da siririn bututu a bayanta. Raunin farat ɗaya yawanci ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin bututun yake kamawa: su kumbura, wasu su mutu su zube. Amma tushen da suke zaune a kai yana nan, waɗanda suka tsira kuma sukan hayayyafa su sake rufe wurin cikin kwanaki ko makonni. Ciwon ƙoda na shekara da shekaru, irin na suga da hawan jini, daban yake. Shi matatar kanta yake mayarwa tabo, tabo kuwa ba ya komawa tsoka. Manomi ya san bambancin geron da ya yi yaushi saboda farin kwana goma, wanda ruwa ɗaya zai miƙar da shi, da wanda saiwarsa ta riga ta ƙone. A gwajin jini kuwa, su biyun lamba ɗaya za su iya nunawa. Saurayi ɗan shekara 25 da babur ya kayar, da dattijo ɗan 70 mai suga, kiriyatinin ɗinsu na ranar ƙarshe zai iya zuwa daidai, alhali ƙodojinsu ko kusa ba ɗaya ba ne.

Kullum a asibitocin duniya ana kwantar da rayayyun mutane da wannan raunin, a yi musu wanki na ɗan lokaci, ƙodar ta farfaɗo, a sallame su. Babu likitan ƙodar da bai ga haka ba. To don me idan mai ƙodar ya rasu sai a ɗauka ba za ta farfaɗo a jikin wani ba?

Wannan tambaya ce Chirag Parikh, shugaban sashen cututtukan ƙoda a Jami'ar Johns Hopkins, da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna bi. A 2019 suka fitar da sakamakon bin diddigin ƙoda 2,430 da aka dasa daga mamata 1,298, waɗanda 585 daga cikinsu masu raunin farat ɗaya ne. Bayan kimanin shekara huɗu, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a yawan waɗanda ƙodar ta daina musu aiki. A Janairun 2020 suka faɗaɗa abin zuwa ƙasar baki ɗaya: suka ɗauki mamata 6,722 masu raunin, suka haɗa kowanne da takwaransa mara rauni da suka yi kama a shekaru da sauran halaye, suka bi mutum 25,323 da aka dasa wa ƙodojinsu tsakanin 2010 da 2013. Bayan kimanin shekara biyar, ƙodojin da suka jigata sun ɗore kamar yadda sauran suka ɗore.

Sai kuma a 2024, a mujallar likitoci ta JAMA, suka taɓo inda aka fi jin tsoro: mamatan da ƙodarsu ta tsaya har sai da aka yi musu wanki kafin su cika. Suka duba dashen da aka yi daga irin waɗannan tsakanin 2010 da 2018, suka kwatanta da na takwarorinsu. Bayan kusan shekara uku, ba a sami bambanci ba a yawan mutuwa, ko gazawar ƙoda, ko ƙarfin aikinta. Tun kafin nan ma, asibitin Mayo da ke jihar Arizona ya daɗe yana karɓar ƙodojin da wasu suka ƙi saboda rauni mai tsanani, kuma Raymond Heilman da abokansa sun wallafa sakamakonsu a 2015. Ba ido rufe suke karɓa ba. Sukan gutsuri ɗan yanki su duba a madubin likita. Idan ɓangaren waje na ƙodar, inda matatan suke, ya mutu, ko akwai tsohon tabo mai yawa, su bari. Idan raunin a bututu kawai ya tsaya, su dasa. Majinyatansu ba su gaza na sauran ba.

Sai dai ƙodar da ta jigata tana da nauyin tashi, kuma bai kamata a ɓoye wa kowa wannan ba. Ƙoda lafiyayya daga ɗan'uwa mai rai, sau da yawa tun ana kan gadon tiyata take fara zubo fitsari. Ita kuwa wannan sai ta yi kwanaki, wani lokaci makonni, shiru, kuma dole a ci gaba da wanki har ta farka. A binciken 2020, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka karɓi ƙodar da ta jigata sun buƙaci wanki a makon farko, a ɗaya ɓangaren kashi 22. A na 2024 tazarar ta fi faɗi: kashi 59 da kashi 25. A ce kai ne ka shekara biyar kana jira, aka kira ka cikin dare, aka yi maka aiki, ka farfaɗo ka ga jakar fitsari babu ko ɗigo, washegari aka tura ka kan na'urar da ka ɗauka kun yi bankwana. Tashin hankali ne na gaske. Ga ƙarin kwanakin asibiti, ga sukar allura, domin ƙodar da ba ta fara aiki ba da wuya a gane ko garkuwar jiki ta fara yaƙarta sai an gutsuro an duba. Amma wahala ce mai iyaka, kuma ana iya rage ta. Gwajin da aka yi a Holand da Beljiyam da Jamus, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa idan aka ɗora ƙoda a kan na'urar da ke zagaya mata ruwa mai sanyi maimakon a bar ta kwance cikin ƙanƙara, jinkirin tashi yana sauka daga kashi 26.5 zuwa kusan 21. Rage sa'o'in da take yi a waje ma yana taimakawa, kuma a nan ne yawon neman mai karɓa yake yin ɓarna: duk sa'ar da ta wuce ƙara wa ƙodar rauni take yi, sai asibiti na gaba ya sami ƙarin dalilin ƙi.

Masu ɗari-ɗari suna da hujjojin da nake girmamawa. Sukan ce ƙodojin da aka dasa ɗin nan zaɓaɓɓu ne. Likita ya duba ya ga mamacin matashi ne, ba suga, ba hawan jini, shi ya sa ya yi ƙarfin hali. Waɗanda aka zubar kuwa ba a bi diddiginsu ba, tunda babu jikin da suka shiga, saboda haka ba za a ce duk ƙodar da ta jigata za ta yi kyau ba. Haka ne. Sukan kuma kawo abin da aka gani a Birtaniya, inda binciken da aka wallafa a 2017 kan ƙoda sama da 11,000 da aka dasa tsakanin 2003 da 2013 ya sami ɗan bambanci. Bayan shekara ɗaya kashi 89 na masu rauni suna aiki, marasa rauni kashi 91. A mataki na uku kuwa, kashi 9 ba su taɓa tashi ba sam, alhali a sauran kashi 4 ne. Masu binciken suka ce a yi hattara da na mataki na uku.

Na karɓi duka biyun. Amma ta farko cewa take a iya zaɓe, ba ta ce a rufe ƙofa ba. Ta biyu kuma, in an karanta ta ta ɗaya fuskar, cewa take cikin ƙoda 100 mafiya jigata, 91 sun tashi.

Inda ake kuskure shi ne a abin da ake aunawa da shi. Ana ɗora ƙodar da ta jigata a sikeli ɗaya da ƙoda mara aibu, alhali mutumin da ke jira ba tsakanin waɗannan biyun zai zaɓa ba. In an ƙi wannan, babu wata da ke jiransa a bakin ƙofa. Komawa zai yi kan na'ura, sau uku a mako, sa'a huɗu kowane zama, ana auna masa ruwan da zai sha, watanni ko shekaru. Wankin ƙoda yana riƙe rai, amma yana cin jiki: zuciya ta kumbura, jijiyoyi su ƙandare, ƙashi ya yi rauni. Tun 1999 binciken Robert Wolfe da abokansa ya nuna cewa, cikin waɗanda ke jerin jira, wanda aka yi wa dashe haɗarin mutuwarsa a tsawon lokaci ya ragu da kashi 68 cikin 100 a kan wanda ya ci gaba da wanki, duk da cewa makonnin farko bayan tiyata sun fi haɗari. Wasu a layi suke mutuwa. Wasu cire sunansu ake yi saboda jikinsu ya yi raunin da ba zai ɗauki tiyata ba. Ga ɗan shekara 62 mai suga, a sa shi jiran ƙoda mara aibu na shekara huɗu kasada ce da ransa, kuma ba shi ya zaɓi yin ta ba. Kada wani ya ɗauka maganar da babu gara ba daɗi nake yi. Alƙaluman nan ba ƙoda mai rabin amfani suka nuna ba, ƙoda ce mai ɗorewa kamar kowace, makara kawai take yi wajen tashi.

To me ya sa ake ƙi? Ban yarda likitocin dashe marasa tausayi ba ne. Tsarin da ake auna su da shi ne ya koya musu tsoro. Daga 2007 hukumar gwamnatin Amurka da ke biyan kuɗin jinya ta riƙa auna kowace cibiyar dashe da yawan majinyatan da suka kai shekara ɗaya da rai kuma ƙodarsu na aiki. A wancan lokacin, cibiyar da ta faɗi ƙasa tana iya rasa izini da kuɗi. Ka dasa ƙoda ta ƙi tashi, an rubuta maka. Ka ƙi karɓa, majinyacinka ya mutu a kan na'ura bayan wata takwas, babu littafin da zai hau kanka. Duk wanda aka sa a wannan hali zai koyi cewa "a'a" ta fi sauƙi. An sassauta dokar a 2019, daga baya kuma aka fara auna yawan tayin ƙoda da cibiya ke karɓa, amma ɗabi'ar da ta yi shekara goma sha biyu tana kafuwa ba takarda ɗaya ce za ta tumɓuke ta ba. Ga kuma batun kuɗi: ƙodar da ta makara tana ƙara kwanakin gado da zaman wanki, nauyin kuma a kan asibiti yake sauka. Har ranar mako tana da tasiri. Sumit Mohan na Jami'ar Columbia da abokansa sun nuna a 2016 cewa ƙodar da aka ciro ranar Juma'a ko Asabar ta fi fuskantar a zubar da ita, kuma ba don ta fi sauran lalacewa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina daga Faransa ta zo. A 2019 Olivier Aubert da Alexandre Loupy na birnin Paris, tare da Peter Reese na Jami'ar Pennsylvania, suka kwatanta ƙasashen biyu daga 2004 zuwa 2014. Amurka ta zubar da kashi 17.9 na ƙodojin da ta ciro, Faransa kashi 9.1, alhali mamatan Faransa sun fi tsufa nesa ba kusa ba. Suka lissafa cewa da Amurka ta yi irin zaɓen Faransa, da ƙoda 17,435 cikin waɗanda ta zubar sun shiga jikin mutane. Binciken bai tsaya kan raunin farat ɗaya kaɗai ba, amma ya nuna cewa irin ƙodar da ake yanke wa hukuncin shara a wata ƙasa, a wata ƙasar tana jikin mutum tana aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, majinyaci bai ma san ana yi ba. Idan ƙoda ta samu, kwamfuta ce ke jera sunaye, a miƙa tayi ga cibiyar wanda ke sama. Likitan da ke bakin aiki ya duba ya ce a'a, a wuce zuwa na gaba. Yawanci ba a kiran majinyacin, ba a kuma faɗa masa daga baya. A 2019 Ali Husain da Mohan suka bi bayanan mutum sama da 280,000, suka gano cewa waɗanda suka mutu suna jira, a matsakaici an ƙi tayi 16 a madadinsu, kuma ƙodojin nan an dasa wa wasu da ke ƙasa da su a layi. A shekarun da binciken ya duba, kusan mutum 10 ne a kowace rana ke mutuwa bayan an taɓa ƙin tayi da sunansu.

Na san ba zai yiwu a tashi mutum ƙarfe uku na dare a karanta masa sakamakon gwaji a ce ya yanke shawara nan take ba. Zaman da ya kamata a yi, tun ranar da aka sa sunansa ake yin sa, da rana tsaka, iyalinsa na gefe. A ce masa: Malam, akwai irin wannan ƙoda. In ka yarda da ita wataƙila ka samu da wuri. Mai yiwuwa ka yi mako biyu ko uku kana wanki bayan aiki, kuma akwai 'yar yiwuwar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Wani zai ce a ba shi yau ma. Yarinya 'yar shekara 20 da wanki bai gajiyar da ita ba tana iya cewa za ta jira, kuma tana da gaskiya. Sannan duk bayan wata shida a ba kowa takarda: ga tayin da aka yi da sunanka, ga dalilin da ya sa muka ƙi. Cibiyar da ta san za ta rubuta wannan takarda ba za ta yi saurin cewa a'a ba.

Akwai kuma haƙƙin mamacin da iyalinsa, wanda ba kasafai ake ambatarsa a mujallun likitoci ba. Mu da muka tashi da hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, mun san gawa tana da alfarma. Lokacin da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ciro gaɓa daga mamaci, da sharuɗɗa ta yi: ya zama rayuwar wani ko wani muhimmin aikin jikinsa ya rataya a kanta, mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa sun yi, kuma babu ciniki. Akwai malaman da har yau ba su yarda ba, ra'ayinsu kuma abin girmamawa ne. Amma ga wanda ya bi halaccin, lalura ce ta buɗe ƙofar. Uwar da ta sa hannu a takarda ɗanta na kwance, ta yi ne don wani ya rayu. Idan aka yanka, aka ciro, sannan aka zubar saboda ƙarshen mako ne ko saboda cibiya na tsoron makinta, an taɓa alfarmar gawa ba tare da an cika dalilin da ya halatta taɓawar ba. Wannan cin amana ne, ko mamacin Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, mu a Najeriya ina muka ga ƙodar mamaci balle mu zubar? Yana da gaskiya a yau. Tun da asibitin St. Nicholas na Legas ya yi dashen farko a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002, kusan duk dashen da ake yi a ƙasar daga mai rai ne: ƙane, ko 'ya, ko uwa. Wanda ba shi da ɗan'uwan da jininsu ya dace, sai wanki har kuɗi su ƙare, kuma duk wanda ya san Gashuwa ko Haɗeja ya san gidajen da aka sayar da gona aka yi 'yan watanni ana wanki, sannan aka yi jana'iza. Amma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba mutum damar yin wasiyyar gaɓoɓinsa, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin dashen gaɓoɓi. Ke nan an kama hanya, ko da tafiyar na da nisa.

Idan ranar ta zo, da alama da yawa daga cikin mamatan da za a samu matasa ne 'yan hatsarin hanya, waɗanda suka zubar da jini kafin a iso da su asibiti. Wato dai ainihin masu ƙodar da ta jigata. In muka kwafo tsoron Amurka tare da littattafanta, za mu ƙi kaso mai yawa na ɗan abin da za mu samu. Shi ya sa nake so masu tsara ƙa'idoji su buɗe rajista ta ƙasa tun daga tushe, wadda za ta rubuta kowace ƙodar da aka ciro, wadda aka dasa da wadda ba a dasa ba, da dalili, sannan ta ƙirga wa kowace cibiya waɗanda suka mutu suna jira kamar yadda take ƙirga waɗanda aka yi wa aiki. Kuma a sa kuɗin wankin makonnin farko cikin kuɗin dashen kansa. A Amurka inshora ce ke riƙe majinyaci a wannan tsakanin. A nan, iyalin da suka tattara duk abin da suka mallaka suka biya tiyata ba za su sami kuɗin zama shida ko tara na wanki ba yayin da ake jiran ƙoda ta farka, kuma ba daidai ba ne a dasa wa mutum ƙodar da aka san za ta makara ba tare da an tanadi abin da zai riƙe shi har ta fara aiki ba.